Darasi na Tara: Zanen Bango a Matsayin Hanyar Sadarwa

Gabatarwa

Masana harshe sun daɗe da nuna cewa ba da fatar baki kaɗai ɗan'adam yake isar da saƙo ba. Launi da siffa da zane duk alamomi ne masu ɗauke da ma'ana, kamar dai kalma. Wannan darasi zai nazarci yadda zane yake magana a inda ba mai tsayawa ya saurare shi, wato a hanyar ƙarƙashin ƙasa ta masu keke da masu tafiya da ƙafa.

Misali daga Birnin Amsterdam

An buɗe babbar tashar jirgin ƙasa ta Amsterdam, a ƙasar Holan, a shekarar 1889. An gina ta ne a bakin ruwan IJ (ana furta shi kusan kamar “Ai”), saboda haka sai ta tare tsakanin tsohon gari da ruwan da ya zame masa tushen arziki. A shekarar 2015 aka buɗe wata hanya da ta ratsa ta ƙarƙashin tashar har zuwa inda jiragen fito suke tsayawa. Sunanta Cuyperspassage, tsawonta mita 110, faɗinta mita 10.

Irin wannan hanya takan gamu da matsala guda: tsoro. Wuri mai duhu da ƙunci yakan sa mutane, musamman mata da tsofaffi, su gwammace dogon zagaye. Da zarar ƙafa ta ɗauke kuwa, sai wurin ya zama matattarar ɓata-gari. Shi ya sa ado a nan ba almubazzaranci ba ne.

An raba hanyar gida biyu. Ɓangaren masu keke baƙi ne, kwalta a ƙasa, ragar ƙarfe a bango mai shanye ƙara, wadda kuma take da wuyar manna takarda. Ɓangaren masu ƙafa an ɗan ɗaga shi, aka lulluɓe shi da tayil kusan 80,000 masu launin fari da shuɗi. Ko baƙon da bai iya harshen ƙasar ba, ido kaɗai ya isa ya gaya masa gefen da zai bi.

Zanen da ke jikin tayil ɗin aikin Irma Boom ne. Ta ɗauko shi daga wani tsohon zane na Cornelis Boumeester, mutumin Rotterdam da ya rasu a 1733, wanda yake nuna jirgin yaƙi da jiragen masunta a kan teku. Abin lura shi ne yadda ta tsara shi domin mai wucewa. Daga ɓangaren gari jiragen suna fitowa sarai. Ana matsawa gaba sai siffofin su riƙa narkewa, har ya rage shuɗi zalla, daidai lokacin da ruwan gaske yake bayyana. Ke nan zanen yana da farko da ƙarshe tamkar jimla, kuma tafiyar mutum ita ce karatunsa. Mai keke yakan tsinci launi kawai, mai ƙafa shi yake ganin igiyar ruwa da filafilan jirage.

Auna Fahimta

1. Ta wace hanya launi ya maye gurbin rubutu a wannan hanya?
2. A kwatanta wannan zane da adon bangon gidajen gargajiya na birnin Zariya, ta fuskar wanda aka yi domin ya gani.