Abin da Ke Tsaga Ƙwan Fitila

Wanda ya taɓa cin damina a Kasuwar Daji, ko Zurmi, ko Shinkafi, ya san hasarar nan. Fitila tana ci, ɗigon ruwa ya faɗo bisa ƙwanta, sai a ji ƙas, ya tsage. Maigida ya ɗora wa yaro laifi, a kwana cikin duhu. Mu da muke koyon malanta ya wajaba mu san dalili, don mu ba yara amsa ta gaskiya.

Kowane abu mai tauri haɗuwar ƙwayoyin zarra ne, waɗanda ido ba ya gani. Kullum karkarwa suke yi, karkarwar nan kuwa ita ce zafi. A cikin gishiri ƙwayoyin suna jere sahu-sahu, kamar 'yan makaranta da aka yi wa layi: in na farko ya ture na biyu, motsin ya bi layi har ƙarshe. Gilashi kuwa yashi ne aka narkar da shi tare da wasu sinadarai, ya sandare tun ƙwayoyinsa ba su jeru ba. Misalinsa taron mutane ran kasuwa: in ka ture ɗaya, motsin ba zai yi nisa ba zai watse.

A 1912 wani masani mutumin Holan, Peter Debye, ya lissafta yawan zafin da abu mai tauri zai sha cikin matsanancin sanyi. Lissafin ya dace da abubuwa masu sahu irin gishiri. Amma a 1971 Zeller da Pohl, na Jami'ar Kwanel ta Amurka, suka sanyaya gilashi har kusa da iyakar sanyi, watau digiri 273 ƙasa da sanyin ƙanƙara. Suka tarar yana shan zafi fiye da lissafin, kuma zafi ba ya ratsa shi da sauri. Ashe cikin gilashi akwai rarar wata karkarwa mai nawa. Nawarta fa in an gwada da sauran karkarwar ƙwayoyin ne, gama tana kai misalin sau miliyan miliyan cikin daƙiƙa ɗaya. Har yau masana suna gardama kan asalinta.

To, mu koma ga fitilarmu. Da yake zafi ba ya yawo da sauri cikin gilashi, inda ruwa ya ɗiga nan da nan zai huce ya tsuke, kewayensa kuwa yana nan da zafi a buɗe. Wannan ya ja, wancan ya ƙi, sai tsagewa.

Saboda haka mu koya wa yara: a kunna fitila da ƙaramar wuta tukuna, a raba ta da inda ɗaki ke yoyo, kada kuma a wanke ƙwai sai ya huce. Yaron da ya san dalili ba ya bukatar bulala.