Tambaya Ɗaya Tak A Ajin Adabi

Na taɓa halartar wata bita ta malaman jami'a kan koyar da adabin Amurka. Mun nazarci The Old Man and the Sea na Ernest Hemingway, wanda ya fito a 1952: tsohon masunci Santiago ya kwana 84 bai kama komai ba, da ya samu ƙaton kifi kuma kifayen shak suka cinye naman.

Malamar ba ta faɗi jigo ba. Ta kasa mu rukuni-rukuni, ta ce, nasara ya yi ko asara? Muka yi ta muhawara, kowa na kafa hujja da shafi. Gaskiya na ɗauka lalaci ne. Da na gwada dabarar a ajina da Ruwan Bagaja, sai ga ɗalibin da bai taɓa magana ba yana kare Malam Zurƙe.