Filin Gwaggo: Kwamfuta uku a gida ɗaya, ba sa ga-maciji

 Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu. Maigidana yana da kwamfutar tebur mai Windows 11 a falo, a wata folda a cikinta muke ajiye hotunan biki da na suna, da takardun makarantar yara, har da lissafin ɗinkina. A da babbar 'yarmu tana buɗe wannan folda daga MacBook ɗinta ba tare da ta fito daga ɗaki ba. Watan jiya ƙanenta ya goge tsohuwar laftof ɗinsa ya sa mata wani abu wai shi Ubuntu, ya kuma sayo ƙarin rauta ya kai sama don Wi-Fi ba ya isa ɗakunansu. Tun daga ranar foldar ta ɓace wa kowa, alhali intanet lafiya lau. Babansu ya rantse Ubuntun nan ne ya kawo cuta, ya ce ko a cire shi ko ya ƙwace laftof ɗin. Yaron ya yi fushi, ko abinci ya daina ci tare da mu. Ni ce a tsakiya.
— Uwa daga Kaduna

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ki kuma gaya wa Alhaji ya sassauta. Yaron yana da hannu a matsalar, amma ba ta inda ake tuhumarsa ba. Ubuntu bai kawo cuta ba, kuma ba shi da ikon ɓoye wa MacBook foldar da ke cikin wata kwamfuta daban. Windows da Mac da Linux duk suna iya musayar fayil ta hanya ɗaya da ake kira SMB. Apple ya mai da ita babbar hanyarsa tun 2013, su kuma 'yan Linux suna da Samba, manhajar da wani ɗan Ostireliya, Andrew Tridgell, ya fara fitarwa a 1992 don wannan aikin. Wanda nake zargi shi ne rautan nan na sama.

Duk rauta idan aka fito da shi daga kwali, ɗauka yake shi kaɗai ne a gidan. Sai ya kafa tasa hanyar sadarwa, ya raba wa na'urori nasa adireshin, ya kuma tare abin da ke zuwa daga waje. Intanet zai wuce, shi ya sa ba wanda ya yi ƙorafi a kansa, amma kwamfutocin sama da ta falo sun daina jin sanarwar juna. Ga yadda za ku tabbatar. A kwamfutar Alhaji a buɗe Command Prompt a rubuta ipconfig, a duba layin IPv4 Address. A MacBook a shiga System Settings, a danna Wi-Fi, sannan Details. Yaron kuma ya san inda zai rubuta hostname -I. Kowacce za ta nuna lambobi kashi huɗu, kamar 192.168.1.20. A gida irin naku kashi ukun farko dole su zama iri ɗaya, na ƙarshe ne kawai ke bambanta. Idan ta falo ta ce 192.168.1 amma na sama suka ce 192.168.0, to an kama ɓarawo. Gyaran ba ya cin kuɗi: a shiga saitin rautan sama a mai da shi Access Point. Idan ba shi da wannan zaɓi, a kashe masa DHCP, wato rabon adireshi, a ba shi adireshin da bai ci karo da na rautan ƙasa ba, a cire wayar da ta taho daga ƙasa daga ramin WAN a mai da ita ɗaya daga ramukan LAN. A kuma duba kada wani ya hau layin baƙi, wanda sunansa ke ƙarewa da Guest, domin shi da gangan ake gina shi ya hana na'urori ganin juna.

Idan lambobi sun daidaita amma tsugune ba ta ƙare ba, a koma kan Windows. Windows 11 yana ɗaukar duk sabon layin da ya hau a matsayin Public, wato wurin jama'a irin otal ko filin jirgi, sai ya ɓuya ya rufe ƙofa. Canza sunan Wi-Fi kaɗai ya isa ya sa shi yin haka. A Settings, ƙarƙashin Network & internet, a mai da layin Private, sannan a Advanced sharing settings a kunna Network discovery da File and printer sharing. Kafin a yi wannan, ko ping aka yi masa daga wata kwamfuta don a ji ko zai amsa, yana iya yin shiru, sai mutum ya zaci waya ce ta lalace.

Kada ku tsaya jiran sunan kwamfutar ya fito da kansa a jerin Network. Wannan jerin ya fi komai yaudarar mutane, domin kowane tsari da yadda yake sanar da kansa: Mac da Bonjour, Ubuntu da Avahi, Windows da tasa hanyar daban. Kwamfuta tana iya zama a buɗe sarai amma ba ta cikin jerin. A je mata kai tsaye. 'Yarki ta buɗe Finder ta danna Command da K, ta rubuta smb:// ta bi shi da adireshin kwamfutar falo. Haka yaron zai rubuta a manhajar Files.

Sai maganar da ke tayar da jijiyar wuya, kalmar sirri. Lambar PIN da Alhaji yake buɗe kwamfutarsa da ita kowace safiya ba ta aiki daga wata na'ura. Kuma ban ba da shawarar ya miƙa wa yara kalmar sirrin asusunsa na Microsoft ba, tunda ita ce mabuɗin imel ɗinsa. Ya buɗe wani ƙaramin asusu a kwamfutar, wanda ba shi da ikon shugaba, ya sa masa suna kamar "iyali" da kalmar sirrinsa, ya ba shi izinin wannan foldar kaɗai. Hotuna a ba su izinin karantawa kawai, don kada wani ya goge bikin wata bisa kuskure. Lissafin ɗinkinki kuwa ki raba shi da foldar gaba ɗaya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

In yaron yana so a riƙa ganin tasa foldar daga falo, sai ya sa Samba, ya kafa mata kalmar sirri da smbpasswd -a, domin ba ta amfani da wadda yake shiga Ubuntu da ita, ya buɗe mata hanya da ufw allow samba idan katangar tsaron Ubuntu a kunne take. Yana so sunansa ya fito a jerin Windows? Ya ƙara wsdd.

Ki sa uban da ɗan su zauna su yi aikin tare, yaron yana dannawa Alhaji yana riƙe da kalmomin sirrinsa. Ɗan da ya iya sa Ubuntu da kansa ba a ƙwace masa laftof. Amma shi ma ki ja masa kunne: ba a ƙara na'ura a layin gida ba tare da an gaya wa mai gidan ba.

*

Malama, sallama. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi ritaya. Rubuce-rubucena na shekaru suna cikin wata tsohuwar kwamfuta mai Windows XP. Jikokina sun saya mini sabuwar laftof, amma ta ƙi buɗe foldar tsohuwar ko da suna kan layi ɗaya. Wani yaro a unguwarmu ya ce akwai wani akwati da zai yi wa alama, SMB 1.0, nan take komai ya buɗe. In bar shi?
— Dattijo daga Zariya

Allah ya gafarta Malam, yaron ya yi gaskiya cewa zai buɗe, amma kada a bar shi. XP ba ta jin komai sai SMB na farko, kuma ta wannan kafar ce cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe sama da 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Abin da ya sa ta yi ɓarna haka shi ne ba ta jiran a danna komai, da kanta take tsallakawa daga kwamfuta zuwa maƙwabciyarta. Daga ƙarshen wannan shekarar Microsoft ya fara fitar da Windows ba tare da SMB na farko a kunne ba. Ita kuma XP an daina kula da ita tun Afrilun 2014. Kunna akwatin nan rage wa sabuwar laftof tsaro ne don ta daidaita da tsohuwa.

Abin da Malam yake bukata ba haɗa su ba ne, kwashe rubutun ne. A samu filash, a kwafe foldar gaba ɗaya, a zuba a laftof, a kuma ajiye kwafi na biyu a wani wuri dabam. Takardun rubutu ba su da nauyi, da wuya aikin ya wuce yini. Idan tsohuwar ta fara gardama wajen tashi, mai gyara zai iya ciro faifanta ya haɗa shi da laftof ta USB, a gaban Malam, ba a bar masa shi ya kwana ba. Bayan nan a cire mata wayar intanet. Tana iya ci gaba da zama a kan tebur a matsayin keken rubutu.

Abu ɗaya nake roƙo kada a manta. Yawancin rubutun Hausa na wancan zamani an buga shi da font na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suke ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan wasu maɓallan. Idan aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da font ɗin, sai a ga baƙin alamomi sun maye gurbin haruffa masu lanƙwasa, mutum ya zaci aikinsa ya lalace. Bai lalace ba. A shiga foldar Fonts da ke cikin foldar Windows ta tsohuwar, a kwafo su tare da takardun, a sa a sabuwar. In da hali, wani jika mai haƙuri ya bi su da Find and Replace ya mai da su haruffan Unicode, waɗanda kowace na'ura ke karantawa yau har da waya.

*

Gwaggo, ni ɗaliba ce, ina zaune gidan yayana. Firinta ɗaya muke amfani da ita ta Wi-Fi. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, Mac ɗina tana bugawa, tasa mai Windows sai ta ce Offline. Ya fara cewa ni nake kame firintar.
— Ƙanwa daga Sakkwato

'Yata, ba ki kame komai ba. Ki ɗauki rauta kamar mai gidan haya da ke raba ɗakuna. In wuta ta ɗauke kowa ya watse, in ta dawo wasu masu gidan sun manta wa ke ina, sai su ba wanda ya fara zuwa ɗakin farko. Firintar da ke lamba 5 jiya, yau tana lamba 9. Mac ɗinki da suna take nemanta ta Bonjour, don haka duk inda ta koma za ta same ta. Kwamfutar yayanki, bisa ga alama, an saita ta da lambar, tana nan tana ƙwanƙwasa ɗakin da wayar wani ta shige.

Ku shiga shafin rauta, adireshinsa da kalmar shiga galibi suna rubuce a ƙasansa, ku nemi Address Reservation ko DHCP Reservation, ku ɗaure firintar da lamba ɗaya ta dindindin. Zai tambayi adireshin MAC na firintar. Wannan lambar jikin na'ura ce, ba ruwanta da kwamfutarki, tana cikin takardar bayanin layi da firintar ke iya bugawa da kanta. Sai yayanki ya cire firintar daga Windows ya sake sa ta sau ɗaya.

Akwai kuma na biyu. Firinta takan riga rauta farkawa, ta nemi adireshi ba mai amsawa, sai ta ba kanta wanda ya fara da 169.254. Duk na'urar da kika gani da wannan lamba, ba ta samu rabo daga rauta ba ne. Ku jira fitilun rauta su tsaya, sannan ku kashe firintar ku kunna. Idan akwai inbata a gidan, a ɗora rautan a kanta, wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba.

*

Gwaggo, na gaji da Wi-Fi, na koma filash. Amma Mac ɗin matata tana buɗe shi ta ƙi ajiye komai a ciki.
— Magidanci daga Maraɗi

Malam, an gudu ba a tsira ba. An tsara filash ɗin da NTFS, wanda Mac ke karantawa amma ba ta rubutu a kansa. Ka mai da shi exFAT, shi ne Windows da Mac da Linux na zamani duk suke karantawa su rubuta. Kada ka zaɓi FAT32, domin ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, kuma bidiyon biki ɗaya ya isa ya wuce haka. Sauya tsarin yana goge duk abin da ke ciki, don haka ka fara kwashe kayanka zuwa kwamfuta, ka buɗe biyu ko uku ka ga sun taso lafiya, sannan ka danna Format.