Aku Mai Magana da Zaki Mai Magana: Darasi Domin Iyaye

Karatu: 2 Sama'ila 12:1-13, Ayyukan Manzanni 19:11-20.

Wani dattijon ikilisiya daga ƙauyen da ke kusa da Babura ya zo wurinmu bayan sujada, ransa a ɓace. Ya ce ya tarar da jikokinsa da dare sun haɗa kai bisa wayar hannu, suna kallon wani majigi na Turawa. Da ya leƙa sai ya ga wata mace da sandan tsafi tana mai da halittu duwatsu, ga kuma zaki yana magana kamar mutum. Ya ƙwace wayar. Tambayarsa ke nan: "Fasto, mahaifina ya bar bori, ya ƙone layunsa da hannunsa ran da ya ba da gaskiya. Yanzu tsafin zai komo gidana ta cikin waya?"

Kada kowa ya yi wa wannan tambaya dariya. Da yawa cikinmu a ƙasar Kazaure, da Roni, da Gwiwa, kakanninmu sun yi yanka a gindin tsamiya, sun san tsadar fita daga wannan bauta. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Muka tambaye shi ko ya karanta Magana Jari Ce sa'ad da ya ke makaranta. Fuskarsa ta saki, ya ce har yau yana tune da Aku. To, daga nan za mu fara, gama abin da ke cikin wayar nan yana da ɗan'uwa a gidanmu.

Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, malami ne a Midil ta Katsina. A 1936 aka kira shi Zariya domin ya rubuta littattafan karatu ga 'yan makaranta, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi 3, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Ya ɗebo labaru daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin Jamus, da na Indiya, ya sa musu riga da hula irin namu har ba mai cewa baƙi ne. Cikin littafi na fari Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri mugu ya shirya a hallaka yaron in ya fita. Kowane dare Musa ya yi ɗamara zai bi bayan mayaƙa, sai Aku ya riƙe shi da labari har gari ya waye. Da labari tsuntsu ya ceci ran yaro. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da littafin wasan kwaikwayo, marigayi Ƙasimu Yero yana cikin 'yan wasan, masu talabijin kuwa suka riƙa cika da maƙwabta. Marubucin Musulmi ne, addininsa kuma yana bayyane cikin littafin, duk da haka 'ya'yan Kirista sun koyi Hausa mai daɗi daga gare shi. Ba mu taɓa jin wanda ya karanta ya tafi kasuwa neman aku domin ya yi masa duba ba.

Me ya sa? Domin yaro ya san tatsuniya. Kakarsa ta kan buɗe ta da kalmomin da kowa ya sani, in ta gama kuma ta ce ƙurunƙus, har ta amsa da bakinta cewa ƙarya ta shirya saboda Gizo. Labarin da ya faɗi sunansa ba ya ruɗin kowa.

Littafi Mai Tsarki kansa yana da irin wannan. Cikin Littafin Mahukunta sura 9, bayan Abimelek ya kashe 'yan'uwansa, Yotam ya hau Dutsen Gerizim ya ba mutanen Shekem labarin itatuwa da suka fita neman sarki. Zaitun ya ƙi, ɓaure ya ƙi, kurangar inabi ta ƙi, ƙaya ta karɓa. Itatuwa ba su magana, amma Yotam bai yi ƙarya ba. Haka annabi Natan cikin karatunmu. Da ya fito fili ya tsauta wa Dawuda a kan matar Uriya, watakila da sarki ya taurare. Sai ya kawo labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa guda, Dawuda ya husata ya yanke hukunci, bai sani ba kansa ya yanke wa. Labari ya shiga inda tsawa ba ta iya shiga.

Amma akwai littattafan da aka ƙone. Kubawar Shari'a 18 ta hana duba, da sihiri, da neman shawarar matattu, ba ta bar ƙofa ko kaɗan ba. A Afisa masu sihiri da suka tuba sun tara littattafansu sun cinna musu wuta a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Mu lura da irin littattafan. Kundaye ne na aiki, irin wanda boka ke buɗewa in an kawo masa kaza da kuɗi, masu koya wa mutum sunan da zai kira da abin da zai binne. Layun mahaifin dattijon nan danginsu ne. Magana Jari Ce ba danginsu ba ne.

Yanzu ga majigin da ke cikin wayar. Mun nema mun gani, na ƙasar Narniya ne, labarin zaki da mayya da kabad na tufafi. Mai littafin, C. S. Lewis, malami ne a jami'ar Okisfod ta Ingila. Ya yi shekaru yana musun Allah kafin ya ba da gaskiya ga Almasihu a 1931. Ya rubuta littattafan Narniya 7 domin yara, aka buga su daga 1950 zuwa 1956, ya rasu a 1963. Kamfanin Walt Disney da Walden Media suka fitar da majigin littafi na fari a 2005, an ɗauki yawancinsa a Niyu Zilan, ya kuwa tara fiye da dala miliyan 700. Biyu suka biyo baya, a 2008 da 2010.

Yara huɗu 'yan ɗaki ɗaya aka kwashe daga Landan saboda bama-baman yaƙin Hitila. A gidan da aka sauke su suka shiga kabad suka ɓulla wata ƙasa inda mayya ta sa hunturu ya daɗe shekara 100. Ɗayansu, Edmund, ya sayar da 'yan'uwansa saboda alewa da alkawarin sarauta. Bisa ga tsohuwar dokar ƙasar, jinin maci amana na mayya ne. Zakin, Aslan, ya ba da kansa a maimakon yaron. Aka ɗaure shi, aka aske gemunsa da gashin wuyansa, aka yi masa ba'a, aka kashe shi bisa teburin dutse, 'yan mata biyu suna kuka daga nesa. Da asuba teburin ya tsage, zakin ya tashi. Duk wanda ya taɓa zama a ajin baftisma ya san inda Lewis ya ɗebo wannan.

A nan sai mu yi hankali, kada murna ta kwashe mu. Aslan ba Yesu ba ne, majigi kuma ba Bishara ba ce. Cikin labarin mayya ce ke bin bashin jini, ita aka biya. Littafi Mai Tsarki bai koya mana an biya Shaiɗan jinin Almasihu ba. Romawa 3 ta nuna Allah ne ya tsai da Ɗansa abin fansa, domin ya bayyana adalcinsa. Yaron da ya san zakin bai san Markus 15 ba, an ba shi inuwa an hana shi itacen.

Har wa yau majigi ba daidai ya ke da littafi ba. Yaƙin da Lewis ya gama cikin 'yan layuka, masu majigi sun ja shi ya yi tsawo, gama faɗa shi ke kawo 'yan kallo. Abin da ya fi damunmu kuwa shi ne, kaka mai tatsuniya tana duban fuskar jikanta, in ta ga tsoro ta sassauta. Waya ba ta duban fuskar kowa, ba ta kuma cewa ƙurunƙus. Yaro ɗan shekara 5 da ya ga an soke zaki cikin duhu, shi kaɗai, ba zai yi barci ba.

Za a tambaye mu batun Harry Potter, littattafai 7 na J. K. Rowling da aka mai da majigi 8 daga 2001 zuwa 2011. Can jaruman da kansu su ke zuwa makaranta koyon sihiri. Kalmomin tsafin ƙagaggu ne, yawancinsu daga Latin, ba su iya motsa ko tsinke, akwai kuma Kirista masu tsoron Allah da ke karanta su ba tare da lamirinsu ya kāshe su ba. Namu ganin shi ne, a garin da boka ke unguwa ta gaba, ba mu ba ƙananan yara labarin da ke sa sandan tsafi ya zama abin sha'awa. Wanda ya ga daban, Romawa 14 ta hana mu hukunta shi, ta kuma hana shi rena mu.

Dattijon nan mun roƙe shi ya kawo wayar da jikokin. Muka zauna bisa tabarma a tsakar gidansa muka kalla tare, muna tsai da shi muna fassara. Da aka zo wurin teburin dutse, ƙaramar jikarsa ta tambaya don me zakin bai cije su ba, ga shi ya fi su ƙarfi. Kakan ne ya amsa mata, ya aiki babban ya ɗauko masa Littafi daga ɗaki, ya buɗe Ishaya 53. Har yanzu ba ya son ganin mayyar, in ta fito ya kan kau da kai. Ya mayar wa yaran wayar da sharaɗi: ba kallo cikin ɗaki, sai a tsakar gida, yana zaune.