Amanar Magana Tsakanin Shugaba Da Ma'aikata

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba ɗan Adam harshe da hankali. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk lokacin da aka ambaci amana a wurin aiki, hankalinmu yakan tafi ga kuɗi da kaya: kada ma'aji ya taɓa asusu, kada mai gadi ya fitar da buhu. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata amanar da muke wasa da ita kullum ba tare da mun ji nauyinta ba, ita ce magana. Umurnin da shugaba ya bayar amana ne a wuyansa sai ya tabbata an fahimce shi, labarin da ma'aikaci ya sani kuma amana ne a wuyansa sai ya isar da shi ga wanda ya kamata. A kan wannan darasinmu zai tsaya, kuma ba za mu tafi nesa neman misali ba, domin a gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela muna da wuraren aiki da suka ishe mu karatu.

Mu fara da gandarin noman rani na Birnin Ƙonni, wanda faɗinsa ya kai hekta 2,452. Ruwansa na Maggiya ne, ana tare shi a madatsun Muzage da Zongo, sa'an nan a koro shi ta babbar hanyar ruwa zuwa matattarar Cerasa, daga can ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya kai gonaki. A shekarar 1978 gwamnati ta kafa hukumar ONAHA don kula da irin waɗannan gandaye, bayan taron Damagaram na 1982 kuwa aka miƙa tafiyar da su ga ƙungiyoyin manoma da kansu. Tun daga ranar, manomi ya zama shi ne mai zaɓen shugaba, shi ne mai biyan kuɗin ruwa, shi ne kuma wanda za a iya zaɓa gobe.

To, abin lura a nan shi ne, ruwa ba ya isa ga kowa a lokaci guda, sai an yi layi. Wanda gonarsa ke bakin hanya yana ganin ruwa tun da safe, wanda tasa ke can ƙurya kuwa sai abin da ya rage. Haka dabi'ar kowane gandari take a duniya. Da shekaru suka yi nisa yashi ya cike wani ɓangare na madatsun, ruwan rani ya ragu, har ya zama ba dukkan fili ake iya nomawa da rani ba. Wannan na daga cikin abin da ya sa aka sanya gyaran gandarin cikin yarjejeniyar dalar Amurka miliyan 437 da Nijar ta ƙulla da hukumar MCC ta Amurka a 2016. Siminti yana gyara hanyar ruwa, amma ranar da ruwa ya gaza, abin da ke hana manoma faɗa da juna shi ne su san gaskiyar lamari da wuri. Idan shugabannin ƙungiya sun ga ruwan madatsa ba zai kai ƙarshen rani ba, wajibi ne su tara jama'a tun kafin a yi dashen albasa ko shukar alkama, su faɗi yawan abin da ke akwai, da filin da zai iya ɗauka, da yadda aka yanke layin. In suka yi shiru don gudun ɓacin ran mutane, sai talaka ya ci bashin iri da taki, ya dasa, ruwa ya yanke masa a tsakiyar aiki. Shirun nan ba kunya ba ce, cin amana ne, ko da kuwa shugaban bai ci ko dala ɗaya ta kowa ba.

Kuma maganar ba daga sama kaɗai take saukowa ba. Mai gonar ƙurya shi ya fi kowa sanin inda hanyar ruwa ta tsage, da inda ciyawa ta toshe ta, da wanda ke fasa ta cikin dare. Shugaban da ba ya zagayawa ƙurya, sai dai ya zauna da maƙwabtansa na bakin hanya, zai rantse cewa ruwa na isar kowa, kuma a iya saninsa bai yi ƙarya ba.

A nan ne ya kamata mu tuna da abin da malaman tarihi suka ruwaito a yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, wanda shi ma a kan ruwa ne. Da Manzon Allah (SAW) ya sauka da runduna a wani wuri, sai Hubabu ɗan Munziri (RA) ya tambaye shi ko saukar nan umurni ne daga Allah, ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da aka ce masa dabara ce, sai ya ba da shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, a gina tafki a cika shi, a toshe sauran rijiyoyin. Aka kuwa yi haka. Mu dubi ladabin Hubabu: bai fara da suka ba, sai da ya tambaya ko akwai damar magana. Mu kuma dubi wanda aka ba shawarar, mafificin halitta, ya tashi runduna guda saboda maganar mutum ɗaya da ya san wurin. Haka kuma a shekara ta 5, shawarar Salmanu Bafarishe (RA) ce ta sa aka haƙa gwalalo a bakin Madina. Wani abin mamaki ma, ayar da ta umurci Annabi (SAW) da yin shawara, watau ta 159 a Suratu Ali Imrana, ta sauka ne bayan Uhudu, lokacin da shawarar fita bayan gari ta ƙare da raunuka da shahada. Ma'anar ayar ta haɗa shawara da taushin hali, ta kuma nuna cewa kaushi da ƙeƙasar zuciya suna watsa jama'a. Ke nan ba a daina shawara don wata rana ta haifar da abin da ba a so.

Mutanen Illela sun ga amfanin wannan da idonsu. A shekarar 1989 wani shiri na hukumar FIDA ya kai waɗansu manoman yankin ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda takwarorinsu ke haƙa ramu a faƙo, su tara ƙasar ta gefen gangare don ta tare ruwa, su zuba taki a ciki kafin shuka. Da suka dawo suka gwada a gonakinsu, abin da muke kira tassa. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, sai ga hatsin tassa ya yi, na gefensa ya ƙone. Daga nan abin ya bazu daga gona zuwa gona har Badagishiri da kewaye, har faƙon da a da ba mai kallonsa ya zama abin saye da kuɗi. Masu shirin sun zo da nasu tsarin, amma da suka ga abin da manoma suka runguma, sai suka bi bayansa. Wannan shi ne shugabancin da ke da kunne.

Yanzu mu juya Malbaza, inda ake yin siminti tun 1966, masana'antar da ta koma hannun ƴan kasuwa a 1998. Tanderun siminti yana gasa dutse da zafin da ya kai digiri 1,450, kuma ba a kashe shi don dare ya yi, saboda sanyaya shi da sake hura shi yana cin kwanaki da dukiya. Don haka a kowace masana'anta irin wannan, ayarin ma'aikata ne ke karɓar wani ayarin, dare da rana. Wurin da ya fi hatsari a irin wannan aiki shi ne ƴan mintocin nan na miƙa aiki: mai tashi ya gaji yana ɗokin gida, mai kamawa bai ga abin da ya wakana ba. In an kwance wani ƙarfe, ko wani inji ya soma sabon ƙara, ko akwai mutum a cikin wani lungu yana gyara, mai tashi kaɗai ya sani.

Duniya ta ga abin da sakaci a wannan gaɓa ke haifarwa. Ranar 6 ga Yuli 1988, a wata tashar haƙo mai da ke cikin teku kusa da Sikotilan, mai suna Piper Alpha, masu aikin rana suka cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, ba su gama ba lokacin tashi ya yi. An rubuta takarda cewa kada a kunna famfon, amma labarin bai kai ga masu aikin dare yadda ya kamata ba. Da ɗaya famfon ya tsaya cikin dare, sai suka kunna wanda aka kwance, iskar gas ta tsiyaye, wuta ta tashi. Mutum 167 suka mutu. Ba a rasa injiniyoyi a wurin ba, ba a kuma rasa takarda ba. Abin da aka rasa shi ne mutum ya tsaya gaban ɗan'uwansa ya faɗa masa, ya kuma tabbata ya ji.

Anas ɗan Maliki (RA) ya ba da labari, kamar yadda ya zo cikin Bukhari, cewa Annabi (SAW) yakan maimaita magana sau uku don a fahimce ta. A'isha (RA) kuma ta siffanta maganarsa da cewa daki-daki take, ba ya kwararo ta. Saboda haka muna kira ga duk mai mutane a ƙarƙashinsa, ko shugaban ayari ne a masana'anta, ko maigidan gareji, ko mai lodin albasa a Galmi: in ka ba da umurni mai hatsari, ka sa yaron ya maimaita maka abin da ya ji. Yaranmu sun taso da kunyar manya, za su ce "to" ko ba su gane ba, kuma "to" ɗin nan ta sha jefa mutane cikin asara. Ma'aikaci shi ma da nasa kason. Maharba 50 da aka tsayar bisa tudu ranar Uhudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu (RA) an ba su umurni bayyananne kada su sauka, amma mafi yawansu suka fassara shi da ra'ayinsu da suka ga alamar nasara, abin da ya biyo baya kuwa sananne ne. Wanda ya ga kamar umurni ya daina aiki, sai ya koma ya tambaya kafin ya bar wurinsa.

Sai kuma batun ƴan kai gulma, wanda ba ofis ko ƙungiyar da ta kuɓuta daga gare shi. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta wajabta bincike kafin a yi aiki da labari, don kada a cutar da bayin Allah cikin rashin sani a dawo ana nadama. Shugaban da ke hukunci da jin ɓangare ɗaya, da sannu masu gaskiya za su ja baki su yi shiru, fadawa su cika masa ofis. Maganin jita-jita kuwa shi ne bayyana dalili. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya sauke Khalidu ɗan Walidu (RA) daga shugabancin runduna, sai ya rubuta wa garuruwa cewa ba don fushi ko ha'inci ya sauke shi ba, sai don gudun kada mutane su dogara da shi su manta cewa nasara daga Allah take. Da bai rubuta ba, da kowa ya ƙago nasa dalilin, mutuncin bawan Allah ya zube a banza. Shi dai Umar ɗin yakan tara gwamnoninsa lokacin aikin Hajji, ya ba talakawa dama su kawo ƙara a gabansu. A yau dokar aiki ta ƙasarmu ta 2012 ta tanadi wakilan ma'aikata da ake zaɓa don isar da koke ga masu ma'aikata, kuma kuskure ne babba a ɗauki wakili a matsayin abokin gaba, domin ta bakinsa ne shugaba ke jin abin da ba wanda zai iya faɗa masa shi kaɗai.

Kada wani ya zaci wannan ilmi baƙo ne da ya zo mana daga Turai. A Marata, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Ƙanensa Abdullahi ya wallafa Liya'ul Hukkami a Kano don koya wa masu mulki aikinsu, ɗansa Muhammadu Bello kuma ya rubuta Usulus Siyasa don Umarun Dallaji na Katsina. Waɗannan littattafai suna nan hannun malamanmu, ya kamata shugabannin ƙungiyoyi su nemi a karanta musu su.

Abu na ƙarshe shi ne rubutu da lissafi. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, alhali waɗanda aka fara yi wa umurnin sahabbai ne, mutanen da suka fi mu gaskiya nesa ba kusa ba. Mu kuwa sai a ɗauki lebura ba a yanke lada ba, a ce "ai ba za mu ɓata ba", da yamma kuma a ɓata. A ƙungiyar manoma, ma'ajin da ya karɓi kuɗin ruwa ya ba da takardar shaida nan take, ko da mai biyan wansa ne. A ƙarshen kowace kaka a tara mambobi, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da Hausa, da babbar murya, domin yawancin masu biyan ba su karanta Faransanci, sa'an nan a manna takardar a ƙofar magazin inda kowa zai iya kawo ɗansa ɗan makaranta ya sake karanta masa.