Tace Iskar Gas: Darasi Daga Aikin Farfesa Man Mohan Sharma

Iskar gas ba ta fitowa daga rijiya a shirye don kasuwa. Takan zo gauraye da ruwa da iskar kabon dayoksaid, a wasu wuraren kuma har da wata iska mai guba da ke ɗauke da farar wuta. Waɗannan gurɓatattun abubuwa suna cin bututu, suna kuma rage ƙimar gas a wurin mai saye. A masana'antar daskarar da gas irin ta NLNG da ke Bonny, wadda ta fara fitar da kaya ƙasashen waje a 1999, ana sanyaya gas zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri domin girmansa ya ragu kamar sau 600. Tun kafin a kai ga wannan sanyi kabon dayoksaid ke zama ƙanƙara ya toshe na'urori, don haka tilas a cire shi tukuna.

Hanyar da aka fi bi ta samo asali ne tun 1930 a Amurka. Ana tura gas daga ƙasan wata doguwar hasumiya, ana kuma zubo ruwan wani sinadari mai suna amin daga sama. Idan suka haɗu, sai ruwan ya shanye gurɓatacciyar iskar. Daga nan a kai ruwan hasumiya ta biyu a dafa shi, iskar ta fita, a sake mayar da shi aiki. Tururin da ake wannan dafuwa da shi ne ke cin mafi yawan kuɗin gudanarwa. Ginin hasumiyar kuwa jari ne mai nauyi: in ta yi tsawo fiye da bukata an binne kuɗi a banza, in ta gaza mai saye ya ƙi karɓar gas.

A nan ne binciken jami'a ya shigo. Man Mohan Sharma, wanda aka haifa a Jodhpur ta ƙasar Indiya a 1937, ya yi karatun injiniyan sinadarai a Bombay, sannan ya tafi Jami'ar Kambirij ta Ingila, inda ya yi digirin digirgir a ƙarƙashin Farfesa Peter Danckwerts, ya kammala a 1964. Abin da suka sa a gaba shi ne auna saurin da ruwan amin iri-iri ke shan iska, da danganta wannan sauri da ƙirar sinadarin kansa. Muƙalar da suka fitar tare a 1966 ta ba injiniyoyi hanyar lissafa aikin babbar hasumiya daga gwajin da aka yi a ƙaramin mazubi a ɗakin bincike, maimakon dogaro da kintace da abin da aka saba.

A shekarar da ya kammala ya koma Bombay, aka naɗa shi farfesa yana ɗan shekara 27, abin da ba a saba gani ba a jami'o'in wancan zamani. Bai sauya wurin aiki ba har ya yi ritaya a 1997, bayan ya shugabanci sashen fasahar sinadarai na jami'ar tun daga 1989.

Fanni na biyu da ya yi suna a kai shi ne katalis, wato abin da ke gaggauta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Masana'antu da yawa suna amfani da ruwan asid don wannan aiki, amma asid yana cin tukunya, kuma bayan an gama sai an kashe kuɗi an kashe kaifinsa kafin a zubar. Sharma da ɗalibansa sun yi nazari mai zurfi a kan wasu ƙananan ƙwayoyin roba masu ɗauke da asid a jikinsu, waɗanda ke zama cikin tukunya ana ta amfani da su. Fannonin biyu ba su rabuwa a masana'antar takin zamani, irin ta Dangote da aka buɗe a Legas a 2022: farar wuta kaɗan ta isa ta kashe katalis ɗin nikel mai tsada, don haka sai an tsarkake gas kafin ya taɓa shi.

A 1990 ya zama injiniya na farko daga Indiya da aka zaɓa cikin ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan. Sai dai ga mai lissafin tattalin arziki, ɗalibai fiye da 70 da suka yi digirin digirgir a hannunsa sun fi lambar yabo nauyi, domin su da sauran waɗanda suka zauna ajinsa ne suka cika masana'antun sinadarai na Indiya. Cikin masu digirin farko da ya koyar akwai Mukesh Ambani, shugaban kamfanin Reliance mai matatar mai ta Jamnagar, wanda a 2025 ya bayyana kyautar rufi biliyan 1.51 ga tsohuwar makarantar tasa don girmama malamin nasa.