KARAYAR IDON SAWU: DARASI A KAN JIRAN WARKEWA

Karatu: Ayyukan Manzanni 3:1-10; Markus 4:26-29; Ibraniyawa 12:12-13

Darasin wannan mako naka ne, kai da kake kwance da ƙafa cikin filasta, likita ya yi maka aiki a idon sawu ya ce kada ka taka. Naki ne kuma, 'yar'uwa, ke da kika zame a bakin rijiya ko kika faɗo daga kabu-kabu, yanzu kina kallon aikin gida ya taru. Mai jinya ma ya karanta. Abin da za mu koya shi ne, Allah ya sa wa ƙashi lokacin haɗuwarsa, wanda kuwa ya ƙi jiran 'yan makonni yana iya jawo wa kansa ɗingishi na dukan kwanakin ransa.

ABIN DA YA KARYE

Kasusuwa 206 ne a jikin baligi, 26 daga cikinsu suna cikin kowace ƙafa daga idon sawu zuwa yatsu. A idon sawu kasusuwa uku ne suke haɗuwa: babban ƙashin ƙwauri, da siririn ƙashin da ke gefensa ta waje, da wani ɗan ƙashi da ke zaune a ƙarƙashinsu kamar ƙotar fartanya a cikin gurbinta. Ƙululun nan biyu da kake shafawa dama da hagu, ƙarshen kasusuwan ƙwauri ne. Su ne suka fi karyewa.

Nauyin jikinka duka a kan wannan 'yar gaɓa yake sauka, saboda haka dole kasusuwan su koma daidai inda Mahalicci ya sa su. Wani bincike da likitocin ƙashi suka yi a shekarar 1976 ya nuna cewa in ɗan ƙashin nan na ƙasa ya goce da milimita ɗaya tak, wurin da kasusuwan suke haɗa fuska yana raguwa da kimanin kashi 42 cikin 100. Nauyi sai ya taru a wuri ƙanƙane, gaɓa ta riƙa cinyewa, bayan shekaru mutum ya kasa tsayuwa a gona. Wannan ne ya sa wata karaya filasta kaɗai ta ishe ta, wata kuwa sai an yanka an jera kasusuwan, an riƙe su da siririn ƙarfe da kusoshi. Hoton ƙashi ne yake nuna bambancin. Hannu ba ya iya jin gocewar milimita ɗaya, kome gwanintar mai shi.

Masu ɗori suna da tsohon sani, mutanenmu kuwa suna girmama su. Amma ɗauri mai tsanani a kan ƙafar da ke kumbura yana iya tsare jini, nama ya mutu, har ta kai ga yanke ƙafa. In ƙashi ya huda fata, ko ƙafa ta karkace, a nufi asibiti a ranar.

ALLAH DA LIKITA

Wani yana iya tambaya, "In ina da bangaskiya, me ya kai ni ɗakin tiyata?" Dubi karatunmu na fari. Bitrus da Yohanna sun tarar da gurgu a ƙofar Haikali da ƙarfe uku na yamma, mutumin da ya wuce shekara arba'in bai taɓa takawa ba. Luka, wanda ya rubuta labarin, likita ne (Kolosiyawa 4:14), ya kuma lura cewa ƙafafun mutumin da idon sawunsa ne suka sami ƙarfi nan take. Mu'ujiza ce, mun kuwa gaskata da ita. Allah yana da iko ya yi haka yau.

Amma Littafi Mai Tsarki ya nuna mana wata hanyar kuma. Da sarki Hezekiya ya yi rashin lafiya, Allah ya yi masa alkawarin ƙarin shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38). Alkawari da magani sun tafi tare. A Ezekiyel 30:21 kuma an kwatanta faɗuwar Fir'auna da hannun da ya karye ba a ɗaure shi ba, don haka ba zai sake yin ƙarfi ba. Ashe karayar da aka bari ba gyara ita ce abin tausayi.

Ka sani, likita yana jera ƙashi, ƙarfe yana riƙe shi, amma ba ɗayansu da yake haɗa shi. Haɗawar aikin Allah ce, ta wurin tsarin da ya sa a jikinka. Ka gode masa domin hannun likita, kada kuwa kowa ya sa ka ji kunyar zuwa asibiti.

AIKIN DA IDO BA YA GANI

A Markus 4 Yesu ya ba da misalin manomi da ya watsa iri ya koma gida. Yana barci yana tashi, iri yana tsiro, shi kuwa bai san yadda ake yi ba. Tsiro ya fara, kai ya biyo, sa'an nan ƙwaya ta cika. Haka ƙashinka yake. A kwanakin farko jini yana taruwa ya daskare a wurin karayar, kumburi da zafi suna da yawa. Shi ya sa wani lokaci likita yakan jinkirta aiki na wasu kwanaki har kumburi ya sauka. Daga nan jiki ya fara saƙa sabon ƙashi a tsakanin ɓangarorin, mai laushi da fari, yana ƙara tauri mako bayan mako. Bayan ya haɗu ma jiki yana ci gaba da gyara shi watanni da yawa.

Ga yadda lokacin yakan kasance ga yawancin mutane. Wajen mako biyu bayan aiki a cire zaren ɗinki. Wajen mako shida a sake ɗaukar hoto a ga ko ƙashi ya kama. Likita ne zai faɗa maka ranar da za ka fara ɗora nauyi, gwargwadon irin karayarka. Mai ciwon sukari yakan jira fiye da haka, wani lokaci ninki biyu. Kumburin yamma kuwa yana iya zuwa yana tafiya har kusan shekara. Manomin kirki ba ya tone iri kowace safiya don ya ga ko ya tsiro. Kai ma kada ka riƙa gwada ƙafa a ɓoye.

JARABAR MAKO NA HUƊU

Jaraba mafi girma ba ta zuwa sa'ad da ciwo yake da zafi. Takan zo ne wajen mako na uku ko na huɗu, zafi ya lafa, ka ji kamar ka warke. A lokacin ne damina za ta kama, ko kuɗin cefane ya ƙare, ko mai babur ya ce zai ba wani. Zuciya ta ce maka, "Ai ƙarfe ke ciki, ba abin da zai faru." Ƙarfen nan an sa shi ne ya riƙe kasusuwa a jere, ba a yi shi don ya ɗauki nauyin mutum shi kaɗai ba. In ka matsa masa kafin lokaci kusa tana iya kwancewa, ƙarfe ya lanƙwashe, ƙashi ya haɗu a karkace. Daga nan sai aiki na biyu, wanda ya fi na fari wuya da tsada. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Akwai wata jarabar da take zuwa da rigar ibada. Wani zai ce maka a wurin taron addu'a, "Jefar da sanda ka taka, in kana da bangaskiya." Ka tuna Shaiɗan ya kai Yesu kan tsororuwar Haikali ya ce ya dira, har ya kawo masa aya. Yesu ya ƙi, gama ba a gwada Allah (Matiyu 4:5-7). A ƙofar Haikali ma Bitrus ne ya kama hannun gurgun ya tashe shi, ƙarfi kuwa ya shiga ƙafafunsa a fili, kowa ya gani. In Allah ya warkar da kai farat ɗaya, hoton ƙashi zai shaida, likita ma zai gani. Gaskiyar Allah ba ta tsoron bincike.

ABIN DA ZA KA YI KANA JIRA

Jira ba zaman banza ba ne. Ga aikinka:

1. Ka ɗaga ƙafa a kan matasai ta fi ƙirjinka tsawo, musamman makonni biyu na farko. Ka riƙa motsa yatsunka.

2. Kada filasta ta jiƙe. Kada ka zura kara ko tsinke a ciki don ƙaiƙayi, gama ƙaramin rauni a can yana iya zama gyambo.

3. Ka ci abincin da ke gina jiki: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono, da ganye irin su zogale, tare da lemu ko goba. Ka riƙa fita hantsi kaɗan, hasken rana yana taimakon ƙashi.

4. Ka bar taba, gama tana rage jinin da ke zuwa wurin karaya, tana jinkirta haɗuwar ƙashi da warkewar ɗinki. Mai ciwon sukari ya kula da maganinsa sosai.

5. Ka sha maganin zafi yadda likita ya rubuta. Kada ka sayi taramol a tebur. Akwai waɗanda ƙafarsu ta warke amma ƙwaya ta kama su.

6. Ka koma asibiti a ranar da aka sa maka, ko kana jin lafiya lau.

Wannan lokaci ne kuma na Maganar Allah. Kai da kullum kake cewa ba ka da sarari, ga sarari ya zo. Bisharar Luka sura 24 ce, Ayyukan Manzanni 28. In ka karanta sura ɗaya kowace rana za ka gama su biyun cikin kwana 52, wato kusan lokacin da za ka fara takawa.

ALAMUN DA BA A JIRA A KANSU

Haƙuri ba ya nufin yin shiru a kan haɗari. Ka koma asibiti nan da nan, ko da dare ne, in yatsunka sun yi sanyi, sun sake launi, ko ba ka jinsu. In zafi yana ƙaruwa cikin filasta magani bai kwantar da shi ba. In zazzaɓi ya zo, ko wari ko mugunya suna fitowa. In sharaɓarka ta kumbura tana ciwo. Ciwon ƙirji ko ƙarancin numfashi farat ɗaya yana iya zama gudan jini ne ya tafi huhu, wannan kuwa yana kisa. A yi addu'a a kan hanya.

KOYON TAFIYA

Ranar da aka cire filasta kada ka firgita. Ƙafar za ta rame, fata ta yi saɓa, gaɓa ta ƙage. Tsoka ce ta yi makonni ba aiki. Ma'aikatan gashin ƙashi za su koya maka motsa gaɓar sama da ƙasa, da juya ta, da tsayuwa a kanta kaɗan kaɗan. Ka yi kullum, ko da yana gundurarka. A matakala, lafiyayyar ƙafa ce take fara hawa, mai ciwo ce take fara sauka tare da sanda. Ƙarfen kuma yawanci ana barinsa a ciki, sai in yana damunka.

Marubucin Ibraniyawa ya gargaɗi masu bi su daidaita hanyar da ƙafafunsu za su bi, domin abin da ya gurgunce ya warke, kada ya goce. Gaskiya ce ga ƙafa, gaskiya ce kuma ga ruhu. Wanda ya faɗi cikin zunubi ya tuba, shi ma yana bukatar lokaci da horo da hannun 'yan'uwa kafin ya sake ɗaukar kaya mai nauyi a ikkilisiya.

AIKIN IKKILISIYA

Mutane da yawa suna takawa kafin lokaci ne domin ba mai ɗaukar musu kaya. Saboda haka darasin nan ya shafi dukanmu. Mefiboshet yana da shekara biyar ya faɗi ya gurgunce sa'ad da mai renonsa take gudu da shi (2 Sama'ila 4:4). Bayan shekaru Dawuda ya neme shi, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya sa waɗanda za su nome masa, ya kuma ba shi wuri a teburinsa (sura 9). Dawuda ya yi tunanin gona da abinci.

Mu ma mu yi haka. Matasa su yi gayya su nome masa gonarsa. Zumuntar mata su raba kwanaki na ɗebo ruwa da girki da wanka wa yara. Kafinta ya huda kujera a ɗora a kan masai, gama mai filasta ba ya iya tsugunno. Dattawa su tambayi kuɗin hoto da na mota, kada su jira sai ya roƙa. Kowa yana zuwa gaisuwa a makon farko, amma a mako na biyar ne kaɗaici yake kama mutum. Kada kuma wani ya ce masa zunubinsa ne ya karya shi. Yesu ya riga ya amsa irin wannan magana a Yohanna 9.

TAMBAYOYI DOMIN BINCIKE

1. Me labarin Hezekiya ya koya maka game da addu'a da magani?
2. Mene ne bambanci tsakanin dogara ga Allah da gwada Allah?
3. Wane ne yake kwance a ikkilisiyarku yanzu, wane kaya kuma za ka ɗaukar masa a wannan mako?

ADDU'A

Ya Uba, kai ne ka jera kasusuwana tun ina cikin mahaifa. Na gode maka domin likitoci da masu jinya. Ka haɗa abin da ya karye, ka ba ni haƙurin jira har lokacinka ya cika. Ka tanada wa iyalina abinci a kwanakin da ba na iya aiki. In na tashi kuma, ka sa ƙafafuna su tafi wurin waɗanda suke kwance. Cikin sunan Yesu, Amin.